Tsokaci na Goma Sha Bakwai

Ranar Litinin

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da su 'yan biyu. Umma tana gaishe ka. Ƙafar ta yi sauƙi, har ta koma zuwa cefane da kanta tana rigima da masu tasi. Ta ce in gaya maka ka daina aiko mata da magani ta hannun mutane, ka zo da ƙafarka ta gan ka.

Jiya na kira ka, da ka ɗauka sai na ɓige da tambayarka ko ana ruwa a wajenku. Ka san halina, magana in ta yi nauyi bakina ba ya iya ɗaukarta, sai dai in rubuta.

Ka san yadda muke bita a ofis tun zamaninku. Mutum ya rubuta kod ɗinsa, wato umarnin da kwamfuta za ta bi, wani ya zauna ya bi shi layi-layi, inda ya ga matsala ya bar tsokaci, a gyara, a rufe tsokacin, sannan a haɗa aikin da babbar manhaja. Illar ita ce da zarar an rufe tsokaci ya nutse kenan, ba mai sake jin ɗuriyarsa. To, watan jiya Manaja ya kawo mana wata sabuwar manhaja ta bin diddigin bita. Kowane tsokaci tana ba shi lamba, ta nuna wanda ya rubuta, da wanda ya rufe, da ƙarfe nawa, har da ko an taɓa layin da ake magana a kansa ko ba a taɓa ba. Wanda aka rufe ba gyara sai ta shafa masa ja. Kwana biyu da kafa ta 'yan ofis suka raɗa mata suna Magulmaciya.

Ni aka ɗora wa aikin zuba mata tsofaffin bayanai. A durowar da ke ƙarƙashin firinta na samu wani faifan ajiya duk ƙura, an rubuta masa "tsohon rumbu" da alƙalamin maka. Na jona shi ranar Juma'a, na bar ta tana haɗiya.

Yaya, ba sai na tuna maka zancen manhajar ɗakin gwaji ba, shekara uku kenan. Sakamakon mata biyu ya sauya a asibitin nan, aka ce wa mai ciwon ƙoda lafiyarta lau, ta koma gida, ba ta dawo ba sai da ƙodar ta tashi daga aiki. Aka ce laifin mai bita ne, ya bar aikin ya wuce bai gani ba. Aka kori mai bitar, Malam Allura. Lokacin ina ɗaliba, na zo koyon aiki a wajenka. Ina tsaye bakin tulun ruwan sanyi ya fito daga ɗakin taro yana cewa, "Na rubuta. Wallahi na rubuta." Ya tattara kofinsa da 'yar fankarsa a kwali ya sauka. Kowa ya ce borin kunya ne. Ni ma haka na ce.

Ashe ya rubuta.

Yau da safe na buɗe jerin masu jan launi, sai ga shi. A kan aikin nan kaɗai ya bar tsokaci talatin da ɗaya. Talatin irin nasa ne da ka sani: nan suna bai dace ba, nan an bar fili, nan waƙafi ya yi yawa. Na goma sha bakwai kuwa ga abin da ya ce, na kwafo maka harafi da harafi:

"A kula. Idan ma'aikata biyu suka danna ajiye a daƙiƙa ɗaya, sakamakon wani zai iya faɗawa kan sunan wani. Irin wannan yana wuri uku: shafin jini, shafin fitsari, da shafin hoto. Wannan ba zancen ado ba ne, zancen rai ne. Kada a saki aikin sai an gyara."

An rufe shi, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba. Na karanta ya fi sau goma. Mai-Gilashi, wanda teburinsa ke kallon nawa, ya tambaye ni ko zazzaɓi nake ji, na ce masa eh.

Wanda ya rufe ban san ko wane ne ba tukuna. Shi tsohon rumbun, lamba yake ba mutane, ba suna ba, abin da kawai ya nuna shi ne "ma'aikaci na shida". Sai na samo tsohon jerin ma'aikata zan iya haɗawa.

Kai ka jagoranci binciken wancan lokacin, shi ya sa na fara da kai. Na san ka duba. Ko dai an riga an kwashe rumbun ne kafin ka isa gare shi? Ka tuna min yadda aka yi, don kaina ya ɗaure.

Ka gaida Anti. Ka shafa min kan yara.

Taka,
Auta

*

Ranar Talata

Wa'alaikumus salam Auta,

Saƙonki ya iso. Muna nan lafiya, yara suna ta ƙiriniya, ɗayan ya fasa gilashin tagar maƙwabta da ƙwallo. Ki ce wa Umma ina nan tafe in an yi hutu, kuma ta rage yawo a kan ƙafar nan.

Game da abin da kika rubuto. Abu na farko, ki je ki duba shafin fitsari da na hoto. In har matsalar tana nan, ki gyara ta a cikin makon nan, ki sa a sake shi a matsayin gyaran yau da kullum. Wannan shi ne mai muhimmanci, kuma shi ne aikinki.

Abu na biyu, haɗa lambobi da sunaye ba aikinki ba ne. An ce ki kafa manhaja, ba a ce ki buɗe kotu ba. Shekara uku ba kwana uku ba ce. Mutane sun watse, kowa ya kama gabansa, shi ma Malam na ji an ce ya buɗe wurin koyar da kwamfuta, yana cin abincinsa. Ki ba Manaja shawara a fara lissafin bita daga bana, tsohon faifan a mayar da shi inda kika same shi. A bar kaza cikin gashinta.

Ke yarinya ce a wurin nan, shekararki biyu da rabi kacal. Ban so ki zama wadda ake yin shiru in ta shigo ɗaki. Na girme ki, na kuma fi ki sanin ofishin nan. Ki ji maganata.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

*

Ranar Laraba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Wasiƙarka ta zo a makare. Kafin ta iso na riga na karɓo tsohon jerin daga wajen Sakatariya. Ta miƙo min tana cin gyaɗa, ba ta ma tambaye ni me zan yi da shi ba. Na sa yatsa ina bi. Na ɗaya Mai Kamfani. Na biyu Manaja. Na huɗu Malam Allura. Na shida kai ne.

Na ce a raina an yi kuskure. Na koma na sake zuba bayanan daga farko, na zauna awa biyu ina kallon allo yana cika. Abu ɗaya ya fito. Tsokaci talatin da ɗaya, duk an rufe su a minti ɗaya, ranar Alhamis, ƙarfe uku da minti arba'in da biyu na yamma, da sunanka. Ba mai iya karanta tsokaci talatin da ɗaya a minti ɗaya, Yaya.

Da a nan abin ya tsaya da na nema maka uzuri, in ce gaggawa ce, kowa yana kuskure. Amma Magulmaciya ba ta san kara ba. Tana nuna har waɗanda suka leƙa shafi. Bayan wata biyar, a makon da ake binciken, ma'aikaci na shida ya buɗe tsokaci na goma sha bakwai sau biyu. Karo na farko ya yi minti goma sha ɗaya a kansa. Washegari aka cire faifan daga rumbu. A rahoton da ka sa wa hannu kuma, wanda na ciro daga fayil, an rubuta: "An bincika, ba a samu wani gargaɗi daga mai bita ba."

Na duba shafin fitsari da na hoto kamar yadda ka ce. Matsalar tana nan daram. Shafin jini kaɗai aka gyara wancan lokacin, don ba wanda ya san da sauran biyun, tunda wanda ya faɗa an kore shi, abin da ya rubuta kuma yana cikin durowa. Asibiti goma sha ɗaya ke aiki da manhajar nan yau. Na gwada da kwamfuta biyu, ni da Mai-Gilashi muka danna tare. A karo na tara sakamakon ya tsallaka. Mai-Gilashi ya cire gilashinsa ya ajiye a tebur.

Na shiga wajen Manaja na rufe ƙofa. Ya karanta a tsaye, sannan ya zauna.

"Wa ya gani ban da ke?"

Na ce Mai-Gilashi ya ga matsalar, amma bai ga sunan ba.

"To ki gyara shafukan. Tsohon tarihin kuma ki sauke shi, dama ya yi wa manhajar nauyi."

Na ce, "Sakamakon shekara ukun nan fa? In wani ya tsallaka ba a lura ba?"

Ya ce, "Kin san fa sunan wa ke wurin nan. Ni rufin asiri nake miki."

Gobe da hantsi zan gabatar da sabuwar manhajar a gaban kowa, har da Mai Kamfani. Manaja ya ce in zo da ita fes, daga bana kawai.

Jiya da yau ban iya cin komai ba. Umma ta tsare ni a kicin tana tambaya ko wani ne ya ɓata min rai a ofis, ta ce in kira Yayana ya yi musu magana. Na rasa inda zan sa fuskata.

Don Allah ka ce min wani ne ya saci kalmar sirrinka. Ka ce min komai, zan saurara. Amma kada ka sake ce min a bar kaza cikin gashinta.

Auta

*

Ranar Laraba, da yamma

Auta,

Ina fatan wannan ta same ki kafin gobe. Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta. Na so a ce har in mutu ba ki ji wannan daga bakina ba.

Ba wanda ya saci kalmar sirrina. Ni na bayar da ita.

Ranar Alhamis ɗin nan ita ce ranar da muka yi wa asibitin alkawarin sakin aikin, ƙarfe huɗu. Tsarin ba ya yarda a haɗa aiki matuƙar akwai tsokaci a buɗe. Malam Allura ya turo nasa da rana, ya tafi kai matarsa asibiti. Na leƙa na farko, na biyu, har na biyar, duk waƙafi da suna. Na ce a raina, Malam da halinsa. Ƙarfe uku da rabi Manaja ya leƙo ya ce in zo ɗakin taro, mutanen asibitin suna kan waya. Kina zaune a ƙarshen teburina a kan kujerar roba, makonki na uku, ba a ma buɗe miki shafinki ba. Na turo miki kwamfutata na ce, "Auta, waɗannan na Malam ne, ado ne kawai, rufe min su." Na shiga taro.

Ƙarfe uku da minti arba'in da biyu ina ɗakin taro. Hannunki ne ya danna.

Ki tsaya, kada ki ɗora wa kanki. Ɗaliba ce ke, yayanki kuma shugaban aikinki ya ce ki rufe, kin rufe. Ba ki san me ake nufi da tsokaci ba ma a lokacin. Laifin wannan ranar nawa ne daga farko har ƙarshe.

Amma babban laifin ba na ranar ba ne. Da abin ya faru aka ce in bincika, na buɗe tarihin ina da yaƙinin ba zan ga komai ba. Sai ga shi. Minti goma sha ɗayan da kika gani, ban san sun kai haka ba. Na lissafa: in na nuna, za a ga lokacin, Manaja kuma ya san a lokacin ina gefensa a taro. Za a tambaya wa ke kan kwamfutar. Za a ce ɗalibar da ya kawo, ƙanwarsa, ita ta rufe gargaɗin da ya jawo mace ta rasa ƙoda. Makarantarku za ta ji. Ba mai sake ɗaukarki aiki a wannan fanni.

Shekara uku ina gaya wa kaina don ke na yi. Yau da nake rubutawa na ga ba gaskiya ba ne duka. Anti tana da cikin 'yan biyu a lokacin. Na ji tsoro, Auta. Kaina na fara ji, sannan ke. Na sa ki a gaba ne don in samu abin da zan riƙa faɗa wa zuciyata.

Na cire faifan da hannuna. Na yi niyyar goge shi, na kasa, na jefa a durowa. Ranar da aka kira Malam ɗakin taro ina zaune ina fuskantarsa. Ya juyo ya ce min, "Injiniya, kai ka san aikina. Ka sake dubawa." Na ce masa na duba sau biyu. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a ranar.

Kin sha tambayata me ya sa na bar aiki mai kyau na taho nan inda ba na samun rabin abin da nake samu a da. Na ce miki iska nake so in canza. Wata shida na yi ina wucewa ta gaban kujerarsa kullum, na ga ba zan iya ba.

Akwai ɗaya kuma, gara ki ji duka yau. Gurbin da aka ɗauke ki bayan kin gama makaranta nasa ne. Ba a cike shi ba sai da kika zo, ni na roƙi Manaja ya ajiye miki. Teburin da ke jikin taga, wanda durowarsa ta hagu ba ta rufuwa.

Anti ba ta sani ba. Umma ba ta sani ba. Na rubuta takarda zuwa ga Mai Kamfani na faɗi komai, ga ta nan na haɗo miki. In kin ga dama ki miƙa, in kin ga dama ki share. Abin da kika yanke ba zan ce uffan ba.

Ban san ko har yanzu ina da bakin sa miki albarka ba. Allah ya tsare ki.

Yayanki

*

Ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaisuwa. Umma lafiya.

A matattakalar bayan ofis na karanta wasiƙarka, inda masu shara ke ajiye bokitai. Da na kai inda ka ce hannuna ne, sai na koma na sake karanta layin. Na ce ƙarya ne, ban taɓa yin haka ba. Sai abin ya dawo min gaba ɗaya. Akwai wani ɗan akwati a saman shafin, in ka taɓa shi duk sai su zaɓu. Ni na gano shi da kaina. Har daɗi na ji, na ce na yi wayo, aikin da zai ci minti goma na gama shi nan take. Da ka fito daga taro na ce maka, "Yaya, na gama," ka ce, "Yauwa Auta, kin fara zama injiniya," ka saya min lemo mai sanyi. Shekara uku ban sake tuna ranar ba, ko sau ɗaya. Wata baiwar Allah tana zuwa wankin ƙoda sau biyu a mako, ni kuwa abin da na riƙe daga ranar lemo ne.

Na koma ciki na tsaya a kan teburina na kasa zama. Shekara biyu da rabi ina tura durowar nan da gwiwa ina tsaki.

Takardarka ban miƙa ba, ban kuma share ba. Ka ce abin da na yanke ba za ka ce uffan ba. A'a, Yaya. Sau ɗaya ka turo min kwamfutarka ka ce in danna maka, ya isa. In za ka aika, ka aika da hannunka.

Ga abin da na yi ni. Jiya da hantsi aka taru a ɗakin taro, mu goma sha huɗu, Mai Kamfani tana zaune a kan gaba da kofin shayinta. Na nuna yadda ake buɗe tsokaci, da yadda ake bin sa. Manaja yana ta gyaɗa kai. Sai na ce zan nuna misali na gaske, na buɗo na goma sha bakwai a babban allo. Na karanta shi da ƙarfi. Ban tsaya ba sai da na kai ƙarshe.

Mai Kamfani ta ajiye kofinta ta ce, "Wa ya rufe?"

Na ce, "Sunan yayana ne a kai. Hannuna ne ya danna. Ban karanta ba."

Ta ce, "Binciken da aka yi fa?"

Na ce wannan wanda ya yi shi ne zai amsa, yana da rai, yana da waya.

Sakatariya ta rufe bakinta da mayafi. Manaja ya fara cewa ai dama yana shirin kawo maganar ta hanyar da ta dace, Mai Kamfani ta ɗaga masa hannu ba tare da ta kalle shi ba. Nan take ta sa aka kira asibitocin goma sha ɗaya, aka ce su koma rubuta sakamakon fitsari da na hoto a takarda har sai an gyara. Ta raba mutum biyar su bi sakamakon shekara uku ɗaya bayan ɗaya. Zuwa yau da azahar sun samu biyu da suka tsallaka. Ba a san ko an cutu ba tukuna, ana neman mutanen. Masu binciken ba su ma kai rabin sakamakon ba.

Ni an ce in zauna a gida har a gama. Ban sani ba ko zan koma. Na ce wa Umma hutu aka ba ni, ta kalle ni irin kallon nan nata, ta ce, "To." Ba ni zan gaya mata ba. Ka zo da ƙafarka.

Ban tsane ka ba, Yaya. Na dai rasa yadda zan haɗa wanda ya rubuta rahoton nan da wanda ya riƙa goya ni zuwa makaranta. Ka ba ni lokaci.

Auta

*

Ranar Litinin

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara girma.

Wataƙila ba za ka tuna ni ba. Ni ce ƙanwar Injiniya, ɗalibar da ke zama a kujerar roba a ƙarshen teburinsa. Ka taɓa nuna min yadda ake sa wa fayil suna, ka ce wanda zai karanta bayana shi ma mutum ne, in ji tausayinsa.

Na zo wurinka ranar Asabar. Na tsaya a tsallaken titi, gefen mai facin taya, ina hango ka ta gilashi kana zagaya ɗalibai kana gyara musu zaman yatsu a kan madannai. Na fi rabin awa a wurin, ƙafata ta ƙi tsallakawa. Shi ya sa na bar wannan a wajen telan da ke maƙwabtaka da kai.

Malam, ka rubuta. Takardar da ke cikin ambulan ɗin nan ita ce tsokacinka, da ranarsa da lokacinsa, Mai Kamfani ta sa hannu ta buga hatimi ta ce in kawo maka. Ni na rufe shi ban karanta ba. Yayana ya gan shi a lokacin bincike ya ɓoye. Ranar Juma'a da yamma ya aika wa Mai Kamfani takarda ya amsa komai, ya ce ya aiko maka da taka daban. Wurare ukun da ka ambata duk gaskiya ne. Biyu sun zauna a haka har makon jiya, yanzu an gyara su da bin abin da ka rubuta.

Mai Kamfani tana so ta zo da kanta, in ka ba da izini. Ta ce za a rubuta wa asibitocin duka a wanke sunanka, kuma kujerarka tana nan in kana so. A kanta nake zaune tun da aka ɗauke ni. Ban sani ba sai makon jiya.

Ba ni da bakin neman gafara, amma ina nema. In ka ƙi, ban ga laifinka ba.

Na bar ka lafiya.

Ƙanwar Injiniya

*

Ranar Alhamis

Wa'alaikumus salam 'yata,

Na tuna ki. Saƙonki ya iso, tela ya kawo min har gida.

Takardar na karanta wa mai ɗakina, sau biyu, ta ce in ƙara. A shekarar farko ita ce ke cewa Allah zai bayyana gaskiya. A ta biyu, wata rana muna zaune, ta tambaye ni a hankali, "Malam, ka tabbata ka rubuta?" Ban yi fushi ba, don ni ma na fara tambayar kaina. Na ce ko niyya na yi ban rubuta ba, ko tsufa ne. Har na daina yarda in na kulle ƙofa, sai na koma na taɓa. Wannan ya fi min korar ciwo. Yanzu na san hankalina ƙalau yake. Na gode.

Ke ba ni da komai a kanki. An ba ki abin da bai kamata a ba ki ba. Ki koma aikinki in sun kira ki, ki zauna a kujerar, ni ba na dawowa. Ɗalibaina sun fi su jin magana.

Mai Kamfani ta zo in tana so. Amma ki ce mata kafin ta zo wurina ta fara zuwa wurin matar nan mai ƙoda. Ita har yau abin da ta sani shi ne wani tsoho ne ya yi sakaci. Ta cancanci ta ji yadda aka yi, daga bakin masu wurin, a zaune.

Wasiƙar yayanki ta zo tun Litinin. Tana nan a kan tebur. Ki ce masa ta iso, ban buɗe ba tukuna.

Ki gaida mahaifiyarku.

Malam